Inda Za a Kai Inna

Ranar wata Alhamis ce, la'asar ta yi sakaliya, Lauratu na zaune a falon gidansu da ke hawa na huɗu a unguwar Hadayek el-Maadi ta birnin Alƙahira, takardun gidajen tsofaffi biyu a gabanta. Shayin da ta haɗa ya huce tun ɗazu ba ta kurɓa ba. A ƙasa masu tuk-tuk, adaidaita-sahun garin, na ta danna hon, maƙwabta na soya albasa, komai dai kamar kullum. Mahaifiyarta, Inna, tana ɗakin ƙurya tana ninke zani guda tana warwarewa, aikin da take yi ke nan tun safe.

Shekara biyu ke nan da ɗauko Inna daga Ɓaɓura, bayan rasuwar Iliya, ƙanin Lauratu, wanda shi ke riƙe da ita. An zo da ita Alƙahira da sunan ganin likita. Likitoci suka ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. To, an lallaɓa. Inna ta ɗora tukunya babu ruwa har labulen kicin ya kama da wuta. Ta fice da tsakar rana ba takalmi, sai a bakin tashar jirgin ƙasa ta metro aka tsince ta tana tambayar Misirawa hanyar kasuwar Ɓaɓura. Mijin Lauratu, Abdurrahim, ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, mutum mai kawaici, bai taɓa cewa uffan ba. Ita ce da bakinta ta ce a nemi inda za a kai tsohuwar. Kada kowa ya yi saurin zaginta, jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gida na farko yana can bayan Giza, fes-fes da shi, ga lambu ga likita a tsaye, amma tafiyar awa biyu ce in hanya ta cushe. Wanda ya kai nasa can, sai dai ya leƙa wata-wata. Na biyun nan kusa yake, da ƙafa ma ana zuwa, sai dai tsohon gini ne, fenti na ɓantarewa, ɗakuna a matse. Abin da yake da shi kawai wata mai jinya ce, Tagwa, Bahaushiyar Sudan, wadda ta durƙusa ta gaida Inna da Hausa ranar da suka je dubawa.

A gidan na Giza ne likitansu, Dakta Mahir, ya gwada Inna. Ya tambaye ta ranar da ake ciki, ba ta sani ba. Ya tambaye ta garin da take, ta ce gida. Sai ya nuna Lauratu ya ce a tambaye ta wace ce wannan. Inna ta ja mayafi ta juya fuska bango. Sau uku ana tambaya, sau uku tana juyawa.

"Ma'alish, sai haƙuri, madam," in ji likitan. "Ba ta san ki ba."

Lauratu ba ta yi kuka ba. Ko gezau ba ta yi ba. Zuciyarta ta daɗe da bushewa, ta zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Abin da ta ce wa kanta a mota shi ne, tunda ba ta san ni ba, ai nesa da kusa duk ɗaya ne a wajenta.

Shi ya sa a yammacin nan takardar Giza ta jawo. Ta cire murfin biro ke nan ladan ya ɗaga murya, sai ƙwas! wani abu ya faɗo a kan takardar. Tsakuwa ce, jar marmara, da ɗumi kamar yanzu aka tsinto ta daga rana. Ta ɗaga kai ta dubi silin, lafiya lau. Tagogi a rufe. Kafin ta sauke kai wata ta sake faɗowa, ta biyun cikin kofin shayi.

Daga ranar, da an kira magariba sai jifa, da an kira isha sai ɗif. Abdurrahim ya sauka ya tambayi mai gadin benen ko yaran unguwa ne. Mutumin ya dube shi ya dubi sama, ya ce hawa na huɗu, taga a rufe, wane yaro? Abdurrahim ya juya tsakuwar a tafin hannunsa, ya san babu irin wannan ƙasar a Masar. A kwana na uku aka fara jin hira a ɗakin Inna a daidai wannan lokacin: muryar Inna, da wata muryar tsohuwa mai ɗan kaushi, suna magana ƙasa-ƙasa har da shewa. In an tura ƙofa, Inna ce kaɗai da zaninta.

Da wani gidan ne, da tuni an kwashe kaya. Lauratu kuwa, Allah sarki, tsintsiya take ɗaukowa ta share tsakuwoyin ta zuba a bokiti, ta koma ta dafa tuwon dare. Tsoron ma sai da sauran ƙarfi ake jin sa. Ranar Lahadi ta sa hannu a takardar Giza, ta ajiye a kan firij, ta ce ranar Asabar za a kai Inna.

A magaribar ranar ce 'yarta Juwairiyya, mai shekara goma sha bakwai, ta fito daga banɗaki da alwala, ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar falo. Da ta farfaɗo ba ta miƙe ba. Ta ja jiki ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu ta harɗe su irin zaman tsofaffi, ta dubi uwarta sama da ƙasa, ta ja tsaki. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta sha ba sai an ɗura mata. Leɓɓanta suka tsattsage, idanu suka faɗa. Ba ta magana da kowa, amma da almuru ya yi sai ta rarrafa zuwa ƙofar Inna ta zauna.

Ranar Laraba Abdurrahim ya tafi unguwar Darrasa ya ɗauko Malam Zainulabideen, wani dattijon Bazamfare da ya zo karatu tun yana saurayi bai koma ba, yana sayar da littattafai, mutanenmu na kiransa in irin wannan ta taso. Malam ya iso bayan la'asar, ya ƙi ruwa, ya ƙi kujera. Ya sa aka lulluɓe yarinyar, ya zauna a kan darduma nesa kaɗan da ita. Inna tana gefe a kan kujera. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba.

An daɗe. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Sai jikin Juwairiyya ya ɗauki rawa, ta buɗe baki, muryar nan mai kaushi ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ni ma ina salla."

"In kina salla, me ya kai ki jikin 'yar mutane? Wace ce ke?"

"Wadda ta san sunana ta manta shi bara. Bar shi kawai."

"Me kike nema a gidan nan?"

"Ƙawata nake bi. Tun tana 'yar shekara tara take zuwa ɗiban ruwa rijiyarmu, muka saba. Aurenta ina nan, haihuwarta ina nan, har jirgin da ya kawo ta ina ciki. Na yi jifa ba a ji ba. Bakinta ita kuma ya daina ɗaukar magana. Sai na ari na jikarta."

Kan yarinyar ya juyo a hankali wajen Lauratu.

"Ke. Wai likita ya ce ba ta san ki ba?"

Lauratu ta ce, "Haka ya ce." Muryarta kamar mai ba da labarin wani.

"Shi Bamisire ne, ba laifinsa. Ke fa? Ke ba 'yar fari ba ce? Yaushe rabon da uwarki ta dubi tsabar idonki? Yaushe ta taɓa kama sunanki, tun da aka raɗa miki shi? Ranar da aka haife ki ma bango ta juya wa fuska, tana kukan murna kada a gani. A gaban baƙo namiji a ce ta nuna ki ta faɗi sunanki? Haba! Kunya ce ta ji, kuma ba a jin kunyar wanda ba a sani ba."

Lauratu ta tuna gidan kakarta inda aka yaye ta aka bar ta, ta tuna yadda Inna kan aiko mata da ƙosai ta hannun Iliya ta ce a kai wa "waccan". Shekara arba'in da huɗu ita ce waccan, ita ce yarinyar nan.

"Kin sani," in ji muryar. "Tun a ɗakin likitan kin sani. Gajiya kika yi, kika samu wanda ya ba ki takarda."

Lauratu ba ta musa ba, don gaskiya ce.

Malam ya ce, "Kin faɗi naki, an ji. Amma zalunci zalunci ne. Za ki fita daga yarinyar nan, ki fita daga tsohuwar nan, ki bar gidan nan, ba dawowa."

"Zan fita. Amma ku ji. Kan ƙawata ya zama kwando, komai ya zube. Mijinta ya zube, Iliya ya zube, ni ma na zube. Abu ɗaya ya rage, cewa wannan ita ce 'yarta ta fari, shi ma ni nake tare shi da hannu biyu. In na tafi, ya tafi. In kuma na zauna, ba ni da bakin da zan zauna da shi sai na yarinyar nan."

Malam ya dubi Abdurrahim, Abdurrahim ya dubi matarsa.

Lauratu ta dubi 'yarta, wuyan nan da ya rame cikin kwana uku. Sannan ta tashi ta je gaban Inna ta durƙusa, ta ce, "Inna." Tsohuwar ta ja mayafi, ta kau da kai wajen bango, bakinta da ɗan murmushin da take ɓoyewa. Lauratu ta daɗe a durƙushe tana kallon gefen fuskar nan. Ba wanda ya hanzarta ta.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ki sakar mini 'yata. Ki tafi."

"To. Nawa sharaɗin guda ne, ba na son jini ba na son turare. Kada ki kai ta can bayan duniya. Ki kai ta inda ƙafarki za ta kai kullum, inda in ajali ya zo akwai mai ce mata cika da shahada a harshen da take ji."

"Na yi alkawari."

"Khalas, shi ke nan," in ji Malam. "Allah shi ne shaida. Fita."

Muryar ta yi ƙasa, ta ce, "Sai wata rana, ƙawata." Juwairiyya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji," da muryarta ta kullum. A daidai nan aka kira isha. Tun daga ranar ba a sake jifa a gidan ba.

Ranar Asabar da hantsi suka taka da Inna zuwa gidan na kusa, Abdurrahim na riƙe da jakarta. Tagwa ta tare su a ƙofa tana "Maraba da Hajiya, maraba," ta kai su wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Lauratu ta shimfiɗa zanin gado, ta jera kayan Inna a durowa, ta nuna wa Tagwa magungunan safe da na yamma. Duk ta yi su ne yadda take yin komai a shekara biyun nan, hannu na aiki, ciki babu kowa.

Tagwa ta ce, "Lauratu, zauna ki huta mana, tun ɗazu kike tsaye."

Inna, da ke bakin gado, ta ɗago kai. Ta dubi Lauratu ido cikin ido, ba mayafi, ba kau da kai, fuskarta a sake kamar ta ga baƙuwar kirki a gidan biki.

"Lauratu," ta ce. "Lauratu. Kai, suna mai daɗi. Zo nan kusa da ni, Lauratu."

Lauratu ta zo. Inna ta kamo hannunta ta riƙe cikin nata biyu, tana shafawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ta.

"Ke 'yar wane gida ce?"

Nan ne abin ya tsinke. Tun tana ƙarama take kwaɗayin jin sunan nan daga bakin nan, yau ga shi ta ji har sau uku, kuma ta san abin da ya biya shi. Baƙin ciki ya taso mata tun daga ciki, mai zafi, irin wanda ta manta ana ji. Hawaye suka zubo ba ta share ba.

"Ayya, kuka kuma?" in ji Inna. "Wa ya taɓa ki, Lauratu?"

"Ba kowa, Inna," ta ce. "Sake kira na."