Begilar Sajan Arzika

Wanda ya fara ɗaukar labarin masifa daga ofishin kwastan na Illela ya kai wa 'yan doka baki da baki shi ne Mukhtari, wani ƙaramin ma'aikacin kwastan, a daminar shekara ta biyu bayan samun mulkin kai. Kafin shi, doka ita ce kwastan na gwamnatin Ikko ne, 'yan doka na En'e ne, kuma maganar da za ta ratsa tsakaninsu sai ta je Sakkwato ta dawo, ko da yake inuwar tsamiya ɗaya ce ta raba ƙofofinsu.

A gindin tsamiyar nan ya fara ganin Raliya, ɗauke da akushin mahaifinta, Sajan Arzika, shugaban 'yan doka.

Ya ce, "Tsaya a duba kaya, ƴammata."

Ta ce, "Tuwo ne, Mai Kaki. Ko shi ma da haraji?"

"Tuwo ya wuce. Mai tuwon ce ba a saki ba."

Ta rufe baki da gyale ta wuce. Tun daga ranar yake kiranta Sanyin Ido, ita kuwa ba ta sake masa suna ba.

Da ya aika manyansa neman aure, Sajan ya sallame su a tsaye. Ya ce, "Wanda ban iya ba umarni, ban ba shi ɗiyata." Ya riga ya karkata ga Lukmanu, ɗan fatake mai kai da komo Ƙonni.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai wani jandarman Nijar ya iso iyaka a kan keke, jiƙe sharkaf. Ya ce ruwan da aka tafka a arewa ya cika koramu, ya nufo fadamar ƙauyen Lafani. Babban kwastan ya ce za a sanar da Sakkwato. Mukhtari ya dubi tsamiya, ya tsallaka ofishin 'yan doka.

Ya durƙusa gaban Sajan ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwa na tahe Lafani. A kwashe mutane."

Sajan ya ce, "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba."

"To mi ya kawo ka? Hakimi nike ji, ba yaron Ikko ba."

Mukhtari ya yi roƙo har rana ta take. Daga nan ya miƙe, ya zare begilar da ke rataye a bango, wadda ba a busawa sai da iznin Sajan, ya busa. 'Yan doka suka taru a guje, ya gaya musu ruwa na tafe, suka nufi Lafani, suka fid da mata da tsofaffi kan tudu. Masu noma can cikin fadama ba a kai gare su ba, ruwa ya ci su. Cikinsu har da Idi, ɗan farin Sajan.

Aka kori Mukhtari daga aiki, Sajan kuma ya kulle shi saboda taɓa begila. Raliya ta kawo masa fura, ta tsaya nesa da ƙofa.

Ta ce, "Ka kunyata ubana gaban yaransa."

"Na yi, Sanyin Ido."

"Ba wannan ke ƙona ni ba. Don mi ka tsaya roƙo? Da ka busa tun da hantsi, da yayana na nan."

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro ni ji kar in rasa ki."

Ta daɗe tsaye tana hawaye, sannan ta matso ta tura masa ƙwaryar. "Sha, Mai Kaki. Mu duka mun ci bashin Idi."

Bayan sadakar arba'in Sajan ya kira shi zaure. Bai ba shi haƙuri ba, bai dube shi ba. Ya ce, "Lukmanu bai san abin da ya faru gidan ga ba. Kai ka sani. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa. Liman ya yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai jin kira, jama'a suka shafa.

Abin da aka samu ke nan. Lafani ta tsira da mutanenta, ban da na fadama. Begila ta koma rataye a jikin tsamiya, inda hannun kowane ofis ke kai wa. Mukhtari ya rasa kaki, ya riƙe Raliya har tsufa, kuma ɗansu na fari Idi aka raɗa masa. Sajan ya riƙe girmansa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa iya kiran sunan jikan nan ba.