Gurasar da Fikri Ya Taka

Duk mai shan shayi a unguwar Shubra ya san Fikri mai gyaran waya, ya kuma san ranar da wani kamfanin intanet da Fikri ke da jari a cikinsa ya tsaga hannayen jarinsa, kowane ɗaya ya koma huɗu. Gidan shayi ya kaure da gardama, masu jari na rantsuwa kafin azumi farashi zai ninka. Baba Sabri mai shayi ya ce gurasa ko ka yanka ta huɗu, ɗaya ce dai. Aka yi masa dariya. Fikri bai yi ba. Shi so yake kowane yanki ya kai kuɗin cikakken hannu.

Da hantsi ya sami wani boka a bayan mahauta. Ɗakin na ƙarnin jini da tsohon turare, ƙudaje sun rufe kan akuya a faranti. Boka ya jefa gurasa a ƙasa.

"Taka, Basha," in ji boka, yana kiransa da laƙabin manya.

"Gurasa fa, Malam?"

"To koma gyaran wayarka."

Ya taka. Boka ya tofa mata yawu, ya yanka ta huɗu da wuƙa mai tsatsa, ya ce baki huɗu za su ci, kuma kowane baki zai biya. Fikri ya ga ya fi shi wayo. Ya zubar da yankan gurasar ƙarƙashin matakalar benensu, wurin kyanwoyi, don su ne su ci.

Ya manta halin mahaifiyarsa. Hajiya Nagat ba ta taɓa wuce gurasa a ƙasa ba, sai ta ɗauka, ta sumbata, ta ɗora a goshi. Ranar Juma'a ta jiƙa musu gurasa cikin romo, suka ci su huɗu: ita, shi, matarsa, da 'yarsa Widad. Sai da aka suɗe kwano ta ce wani marar tsoron Allah ya zubar da abinci a matakala, ta tsinto, ga shi bai tafi a banza ba.

Farashi ya yi ta hawa. Mota ta zo, gida a bakin kogin Nilu ya zo. Tsohuwa ta bushe ta rasu, masu wanka suka ce hannu ɗaya ya ɗaga ta. Matarsa ta bi ta. Widad tana raye, tana tuge gashinta tana jerawa kashi huɗu.

Yau Fikri yana tsugune a ƙofar Baba Sabri, yana tsintar ɓurɓushi yana sumbata, ba ya iya haɗiyewa. Jarin kuwa har gobe hawa yake, babu mai ci.

Ku ji tsoron kwaɗayi, 'yan'uwa. Abin da mutum ya taka, shi zai tarar a kwanonsa.