Koren Macijin Yaya Bagudu

Tun ladan bai gyara murya ba na fita daga gida. Na rataya bindigata adaka a kafaɗa, wuƙa a ƙugu, 'yar gwafa a hannu, a baya kuma na goya abin da ban taɓa shiga daji da shi ba, wato tsohuwar ƙwaryar wasan yayana Bagudu da faifan rufinta. Karena Duna sai ya shinshina ƙwaryar ya ja da baya. Ban ga laifinsa ba, ni ma ba son ta nake yi ba.

Yaya Bagudu gardi ne. Shekara talatin yana yawo kasuwa-kasuwa da macizai, ni kuwa ina bin sawun masu ƙafa huɗu. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, dole aka kai macizan daji aka sake, don ba mai iya kula da su. Daga ranar ya daina magana. Likita ya ce harshensa lafiya lau, shi ne kawai ya daina. Kwanan nan kuma ko kunu aka miƙa masa sai ya kau da kai. Mutum yana narkewa a kan tabarma muna kallo.

Matarsa Ladidi ce ta lura duk yini idonsa na kan reshen ceɗiyar tsakar gida, inda wani ɗanyen ciyawa, koren macijin nan marar dafi, ya saba shan hantsi a da. Ta ce da ni, "Jatau, kai da kake cika mana kunne da ɓaunar da ka kashe, ka kasa kawo wa yayanka ɗan macijin da zai riƙa kallo?"

Na ce mata ta zuba ido. Abin da ban gaya mata ba shi ne tsoro nake ji ƙwarai. In wannan ma bai yi ba, yayana ba zai ga girbi ba.

Na yi asuba a bakin rafi, na haye, gari na wayewa na shiga Kurmin Gwaska. Ƙarshen damina ne, raɓa ta jiƙa ni har ƙugu. A cikin kurmin nan rana ba ta sauka gaba ɗaya, ganye ne ke tace ta, komai ya koma kore, har farin tafin hannuna. Tururi na tashi daga ƙasa a hankali. Can wata cilakowa na kuka, ta yi shiru, wata ta amsa daga nesa. Na tsallake ɗanyen sawun gada, na tsallake tonon mugun dawa wanda ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba. Duna ya dube ni kamar na haukace. Yau dai sama muka zo kallo, wuyana har ya ƙage, ga shi kowane reshe maciji ne sai na matsa ya koma reshe.

Da hantsi ya dubi ludayi na zauna a gindin wani maɗaci in huta. Ƙarar ruwa da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye suka yi mini nauyi a ido. Ba zan rantse ko na yi gyangyaɗi ko ban yi ba. Na dai ga wata tsohuwa tsugune a bakin ruwa tana wanke saiwoyi, zanenta kalar gansakuka.

Na ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Maharbi da kallon sama? Ɗana, me ya ɓace maka?"

Na gaya mata. Ta nuna wani ɓaure da haɓa. "Su biyu ne a can. Ɗaya zai gudu, ɗaya zai tsaya ya kalle ka. Ka daure ka bi mai gudun."

Na sunkuya in ɗauki gwafa, ko da na ɗago ba kowa. Na duba taɓon wurin, ni da ke karanta sawun zomo a kan tsakuwa, ban ga komai ba. Duna kuwa barcinsa yake yi.

Suna nan a ɓauren kamar yadda ta faɗa. Na farko siriri ne, bai fi kaurin ɗan yatsana ba, da ɗigo-ɗigon shuɗi a wuya. Inuwata na taɓa reshen ya tsiyaye cikin ganye ya yi sama. Na biyun bai ko motsa ba. Ya kai gaba guda a tsawo, korensa irin na sabuwar gonar shinkafa, baƙin zare ya zagaye kowane ɓawo na jikinsa. Kansa gajere, idanunsa manya-manya, har ina ganin kaina a ciki, ƙanƙane, da hula a karkace. Na daɗe a tsaye. A rayuwata ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma na san yayana zai so shi.

Maganar tsohuwar ta faɗo mini, na ture ta. Mu maharba in garke ya tsaya, babba muke zaɓa, haka aka koya mana tun muna riƙe wa manya kwari. Kuma in koma da abu kamar igiyar wando, Ladidi ta samu na dariya har sallah?

Na miƙa gwafa a hankali na danne wuyansa a jikin reshe. Sai wuyan ya kumbura kamar zugazugin maƙera. Na ce a raina, ka ga ƙosasshe. Na kama bayan kansa, ya naɗe mini hannu, sanyinsa ya ratsa ni har kafaɗa. Ina cusa shi cikin ƙwarya ya kuɓuce ya cafki hannun rigata, ya yi ta tauna kamar akuya. Dariya na yi, na fizge, na kifa faifai na ɗaure. A hanya sau biyu ina buɗewa in sake kallonsa, har na yayyafa masa ruwa da yatsuna don kada zafi ya dame shi. Duna ya ƙi tafiya kusa da ni har muka shiga gari.

Da la'asar na iso. Yaya na kishingiɗe a gindin ceɗiya, kwanon kunu a gefensa har ya yi fata. Ladidi ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Na durƙusa, na ajiye ƙwaryar a gabansa, na kwance igiya ina ta yauƙi, na ɗaga faifai.

Koren kan nan ya leƙo. Idon yayana ya sauka a kansa.

Ban san hannunsa mai lafiya na da sauran wannan saurin ba. Ya buge hannuna, ya danna faifan, ya ɗora gwiwar hannu a kai.

"Rufe, ɗan banza!"

Muryar ta fito a dushe, kamar an ja tsohon ƙyaure. Ludayi ya faɗi daga hannun Ladidi.

Ya ce, "Ɗaure! Ya taɓa ka?"

Na ce, "Hannun riga kawai, Yaya."

"Tuɓe ta. Ladidi, jefa a wuta. Miƙo hannun."

Ya bi damtsena da yatsa, daki-daki, har tsakanin yatsu, yana haki. Da ya tabbatar ba ko ƙwarzane, sai ya saki ajiyar zuciya.

"Wa ya ce maka wannan ɗanyen ciyawa ne? Ba ka ga idon ba? Ba ka ga wuyan ba? Wanda wannan ya tauna, yau yana dariya, jibi jini ta hanci ta kunne. Ni da kaina sau ɗaya na taɓa riƙe irinsa." Ya dube ni, idonsa ya cika. "Furfura a gemunka, har yanzu sai an tsare ka."

Na zauna daɓas. Ban san ko tsoron abin da na goyo yini guda ne ko daɗin jin muryarsa ba, hawaye kawai na ji a fuskata.

Ya ce, "Gobe ka nemo jaki, ka ɗora ni mu mayar da shi inda ka ɗauko. Ni zan zaɓo ɗanyen ciyawan da kaina, ba zan sake aikenka ba. Ladidi, ɗumamo kunun nan, mutum ba ya shiga kurmi da yunwa."

Ni na riƙe masa kwanon, ba riga a jikina. Yana sha yana zagina, ni kuwa ina cewa, "Ƙara, Yaya."