Jar Layar Mama

A unguwarmu ta bayan kasuwar kifi, a birnin Osaka, kowa ya san Chizuru. Ita ce gwarzuwar damben hannu da ƙafa ta ƙasar Japan. Tun tana budurwa ta fara. Da safe ta taya babanta yanka kifi, da yamma ta tafi dukan buhun horon dambe. Sau uku ana zuwa ƙwace mata kambu, ana komawa hannu rabbana.

Tana da 'ya ɗaya, 'yar aji uku. Yarinyar kirki ce, sai dai hannunta ba ya zama wuri ɗaya.

A jikin jakar Chizuru akwai wata 'yar jar laya. Mahaifiyarta, wato kakar yarinyar, ita ke karɓo mata sabuwa a wurin ibada duk shekara. Ko yaron goye ya san ba a buɗe irin wannan laya. In an buɗe, sa'ar ciki ta tashi.

Ana gobe babban wasa, yarinyar ta tarar da jakar ba kowa a kusa.

"Leƙawa kawai zan yi," in ji ta.

Ta warware zaren. Ta leƙa. To, ɗaurewar fa? Ta yi, ta yi, ƙullin ya ƙi komawa yadda yake. Sai ta bar shi haka. Idan aka kayar da Mama gobe, ai ita ce sila.

Ranar ko shinkafarta ba ta iya ci ba.

Da safe Mama tana sa takalmi a bakin ƙofa, sai yarinyar ta fashe da kuka.

"Mama, kada ki je! Na buɗe layarki. Sa'arki ta gudu!"

Mama ta ɗauko jakar. Ta dubi ƙullin, ta dubi 'yarta.

"Kin yi laifi. Kayan wani kika taɓa. Za ki ba Kaka haƙuri, kuma mako guda ke za ki goge daɓen ɗakin horo." Sai ta naɗe wandonta. "Taɓa ƙaurina."

Yarinyar ta taɓa. Tauri kamar taɓarya.

"Laya ce ta yi wannan?"

"A'a, Mama."

"Buhu ne ya yi shi. Share hawayenki, mu tafi."

Aka shiga fili. Tun a zagayen farko abokiyar karawar ta kai wa Mama naushi, sai ga ta a ƙasa. Yarinyar ta rufe ido. Tausayi ta ba ni.

"Ke, buɗe idonki!" in ji Kaka, da ke zaune kusa da ita. "Uwarki ba ta saba kwanciyar rana ba."

Mama kuwa ta miƙe. A zagaye na ƙarshe ta kai hauri ɗaya mai kyau. Alƙalin wasa ya ɗaga hannunta. Ta sunkuya wa abokiyar karawarta, ta sunkuya wa jama'a. Sai a lokacin yarinyar ta sauke numfashi.

A jirgin ƙasa, kan hanyar gida, ta sunkuyar da kai gaban Kaka.

"Kaka, ki yafe mini. Na buɗe layar."

Kaka ta ɓata rai. "Ja'ira mai ƙaiƙayin hannu!" Can sai ta matso, ta rage murya. "To, me kika gani a ciki?"

"Ɗan katako ne kawai, cikin takarda."

"Oho! Tun ina kamarki nake son in sani."

Mama ta yi dariya har leɓenta mai ciwo ya hana ta.

Mako guda yarinyar tana goge daɓe, ba ta yi ƙorafi ba. Ta koyi kame hannunta daga kayan mutane. Ta kuma gane cewa in ka yi laifi, faɗin gaskiya ya fi ɓoyewa sauƙin ɗauka.