Allura a Hannun Bunyaminu

Rahma na zaune a ƙofar ɗakinta, 'yarta Fatiha na barci a bayanta, tana ja wa farin yadi layukan hula da biro da rula, sai ta ji mashin ya tsaya a ƙofar gida. Ba sai an gaya mata ko wane ne ba. Duk masu zuwa Lolo daga Bagudo babu mai taka birki kamar yana faɗa da shi sai yayanta Saifuddeen.

Kafin ya yi sallama ta ji motsi a cikin ɗaki, irin motsin mutumin da ke tura wani abu ƙarƙashin matashi da sauri. Ta yi ajiyar zuciya, ba ta waiwaya ba.

"Yaya, sannu da hanya. Ina su Inna? Ina Baba?"

"Suna can suna ɓacin rai saboda ke!" Ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. "Dubi yadda kinka koma, Rahma. Dubi yatsunki, dut allura ta huhhuda su. Shi ko gogan naki yana ciki kwance, ko?"

"Yana jin ka, Yaya."

"To shi ji mana! Don shi ji nika hwaɗi."

Gogan da ake magana shi ne Bunyaminu, mijinta. A da duk bakin boda an san shi: dogon saurayi mai dariya, mai ɗaukar fasinja da kaya a mashin tsakanin Lolo da ƙauyukan Benin. Auren so suka yi, kuma a lokacin Saifuddeen ɗin nan shi ne gaba wajen yabonsa. Sai wata damina mashin ya zame da shi a kan tabo, buhunan shinkafa suka danne masa ƙafar dama. Aka yi asibiti, aka yi ɗori, ƙafar dai ba ta koma ba. Tun daga nan dangin Rahma suka fara ganin aibun da ba su taɓa gani ba lokacin da yake sauke musu tsaraba. Mutane ke nan.

"Saƙon Baba na kawo," in ji Saifuddeen. "Ran Juma'a in anka sauko masallaci zai taho da kainai. Ki haɗa kayanki. In mijinki bai sawwaƙe miki ba, akwai alƙali. Namijin da ba ya ciyarwa ba ya riƙe mace."

Rahma ta ajiye biron ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka gaishe min da Baba da kyau. Amma ba ni zuwa ko'ina."

"Ke! Ni kika hwaɗa ma haka?"

"Sori, Yaya, amma aurena nika yi. Da yunwa na kawo muku ƙara? Ran da ƙahwa tai ta karye ni ban ji an ce aurenmu ya karye ba."

Saifuddeen ya yi tsaki ya fice, mashin ɗinsa na ta gurnani har ya sha kwana.

Sai a lokacin ta shiga ɗaki. Bunyaminu na jingine da bango, kansa a sunkuye. Ta sa hannu ƙarƙashin matashin ta jawo abin da ya ɓoye: hula ce da aka ci rabin ɗinkinta, shuɗi da ruwan ƙasa, allura a soke a gefe.

Ga gaskiyar da babu wanda ya sani a Lolo da Bagudo. Hulunan da ake rububi a kasuwar Lolo, waɗanda fatake ke tsallakawa da su Benin ana cewa hannun Rahma ya faɗa, ba ita kaɗai ke ɗinka su ba. Watannin farko na jinyarsa Bunyaminu ba ya magana, ba ya cin abinci, sai kallon rufin ɗaki. Wata rana ta gaji, ta dangwara masa yadi a cinya ta ce ya riƙe mata zare. Daga riƙon zare ya koma zura allura. Ta nuna masa yadda ake huda ɗan ido a yadin, a kewaye shi da zare daidai wa daida, a tsallaka gida na gaba ba tare da an ƙulla ba. Ta nuna masa yadda ake ɓoye bakin zare a ƙarƙashin ɗinki, da yadda ake cike launi ɗaya kaf kafin a ɗauki wani. Ya soki yatsunsa har ya gaji da tsotsa. Hular farko da ya gama, ko akuya aka sa wa sai ta ture, suka yi dariya har Fatiha ta farka. Ita ce dariyarsa ta farko tun bayan haɗarin. Yanzu kuwa ya fi Rahma sauri, har yakan ƙirƙiro nasa zanen, irin igiyar ruwan kogi da yake gani sa'ad da ake tsallakar da mashin ɗinsa a kwalekwale.

Sai dai ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. A wajensu ɗinkin babbar riga na maza ne, amma ɗinkin hula aikin matan cikin gida ne. Bunyaminu ya gwammace a kira shi cima-zaune da a kira shi mai aikin mata.

"Baban Fatiha, ka ji dai abin da Yaya yac ce," in ji ta a hankali. "Filis, ka bar ni in hwaɗa musu. Magana guda ta, shi ke nan an wuce wurin."

"A'a."

"Ɗauke ni za su yi!"

"Ki bi su, Rahma," in ji shi. "Na rasa ƙahwa. In abokaina sunka ji ina ɗinkin mata, mi ya rage min? Ki bar ni da ɗan mutuncin da ya saura."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, hawaye suka zubo mata, amma ba na rauni ba.

"To ka ji nawa. Alkawari na yi, ba ni karya shi. Kuma ba ni barin gidan ga, ko da igiya za a ja ni. Ni na zaɓi inda nika tsayawa. Kai ma ka zaɓa, ko ni da ɗiyarka, ko dariyar 'yan mashin."

Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da girkinta da zanenta, ba ta haɗa ko tsinke ba.

Ranar Juma'a da la'asar Saifuddeen ya iso da mahaifinsu a bayan mashin. Malam Riskuwa dattijo ne mai kaifin harshe, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗinkin babbar riga har idanunsa suka gaza. Ya ƙi shiga gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, daura da inda tsofaffin abokan Bunyaminu ke jiran fasinja. Kan ka ce me, duk sun kashe mashinansu sun miƙa wuya.

Rahma ta fito da mayafinta ta durƙusa.

"Ina kayanki?"

"Baba, ban haɗa ba."

"Ban ji ba."

"Ban haɗa ba, Baba. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, ɗiyarka ce ni. Amma mijina bai cuce ni ba, ni ma ba ni cutar shi."

Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa. "Ban haihe ki don ki makance kina ciyar da ƙato da allura ba! Ni na san abin da allura ka yi ma ido. To hwaɗa min abu guda, guda ɗaya tak, da mutumin ga ka yi ma gidanai, in tashi in ba ki wuri."

Amsar na kan harshenta. Ta ji ta kamar garwashi a baki. Ta danne ta, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a mayafinta.

"Kun gani?" in ji Saifuddeen yana duban jama'a. "Babu! Tashi mu tahi."

"Ba ni tashi!"

Ya miƙa hannu zai kama ta, sai aka ji ƙarar sanda a zaure, ƙwas, ƙwas. Bunyaminu ne, wanda rabon da a gan shi a waje tun da aka dawo da shi daga asibiti. Ya rame, gumi na tsatstsafo masa. Ya lallaɓa har gaban surukinsa, ya zube ƙasa da ƙyar ya gaishe shi. Sannan ya ciro hular nan shuɗiya daga aljihu, ya lashi bakin zare, ya zura a allura, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Wani cikin 'yan mashin ya fashe da dariya. "La ila! Bunyaminu, kai ma ka shiga kulle?"

Allurar ta soke shi. Ya tsotse jinin, ya ci gaba.

"Na shiga," in ji shi, bai ɗago ba. "Ku yi ta dariya har ku ƙoshi. Baba, da wanga nika ciyar da gidana, ni da ita tare. Kunya ta sa na ɓoye, na bar ta tana shan zagi ita kaɗai. Laihina na, ba nata ba."

Dariyar ta mutu da kanta. Malam Riskuwa ya daɗe yana kallon hannun. Can ya ce, "Miƙo."

Bai dubi fuskar hular ba. Juya ta ya yi ciki waje, kamar yadda duk maɗinki ke yi, don a bayan aiki ake gane mai ha'inci. Ya kai ta kusa da idonsa, ya bi ta da ɗan yatsa gida gida yana neman ƙulli ko zaren da aka bari yana reto. Rahma ta riƙe numfashinta.

"Ke kinka koya mai?"

"Ni ta, Baba."

"To ba ki hwaɗa mai yadi ba birki ba na?" Ya juya ga Bunyaminu yana harara. "Kana jan zare da ƙarhi, yaro. In anka wanke ta, nan wurin zai tattare. Matso nan in gwada maka."

Ya gyara zama, ya ba shi wuri a kan tabarmarsa. Rahma ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi, ba ta damu da masu kallo ba.

"Baba, to maganar tahiya..." in ji Saifuddeen.

"Wace tahiya? Mu biyu munka zo, mu biyu za mu koma. Je ka sha iska, aiki muka yi."

Har rana ta yi ja suna nan a gindin darbejiya, dattijo na faɗa, suruki na gyarawa, Rahma na kawo musu fura. Haƙurinta da tsayuwarta a kan alkawari su suka riƙe gidan har mijinta ya sami ƙarfin fitowa. Sana'ar halal ba ta rage darajar namiji, kuma dangin da suke son 'yarsu da gaske, su tambayi abin da ke cikin ɗakinta kafin su ce ta haɗa kaya.