Baƙin Gilashin Haladu

Haladu mai hoto na Bakori ya gaji da hoton biki da suna, sai ya sayo wani baƙin gilashi da ake ɗaura wa kyamara a baki. Gilashin yana tare haske, idon kyamara ya daɗe a buɗe. Duk abin da ke motsi sai ya narke a hoton, abin da ya tsaya cak shi ke fitowa. Sai dai in an ɗaura shi ba a ganin komai, dole a auna haske a saita ido tun da farko.

Wata yamma da damina ya nufi rafin bayan gonarsu, yana so ruwan ya fito kamar nono. Da ya rasa abin da zai saita ido a kai, ya ɗora 'yarsa Bushra bisa wani dutse a tsakiyar ruwa. Ya saita, ya auna, ya ɗaura gilashi.

"Kada ki motsa, Bushra."

Ya duƙufa kan agogon wayarsa, har aka kira magariba bai ɗago ba. Mutum da hankalinsa, ya tsayar da yarinya a rafi da almuru!

Tun ranar gidan ya rikice. Rana na faɗuwa jiƙaƙƙun duwatsu za su fara sauka kan kwano. Bushra, wadda ƙiriniya ba ta barin ta zama, ta koma magana da muryar tsohuwa. Uwarta Sa'adiya ta daina kallon Haladu, shi kuwa nadama ta hana shi cin abinci.

Aka ɗauko Malam Maitama daga Maska. Ya yi turare, ya yi karatu har gumi ya jiƙa rigarsa.

"Wace ce ke?"

"Mai dutsen," in ji muryar daga bakin Bushra. "Mu ido ba ya kama mu, don yana ƙiftawa. Wannan ya kafa mini idon da ba ya ƙiftawa ina cikin wanka."

Haladu ya durƙusa. "Ki yi mini rai. Zan goge hoton."

"Gani ba ya goguwa. Zan tafi, amma da abin da gilashinka yake cirewa."

"Ba ki tafiya da komai!" Malam ya daka mata tsawa. Kafin ya rufe baki Bushra ta yi atishawa ta sulale.

Jifa ya tsaya, murya ta tafi. Amma inda aka ajiye Bushra da safe, nan ake samun ta da yamma. Sa'adiya takan ce, "Malam Haladu, yau na ga ta motsa yatsa." Yana so ya yarda.

Rannan ya kafa kyamara a tsakar gida, ya saita ido a fuskar 'yarsa, ya ɗaura baƙin gilashin, yana roƙon Allah hoton ya ɓaci ko da kaɗan. Da ya duba, kaji sun narke, Sa'adiya da ta gifta ta zama hayaƙi. Bushra kuwa ta fito tas, har gashin idonta.