Inda Mama Take Yankewa

A wani gida mai falo ɗaya da kujeru uku, ranar wata Asabar da hantsi, kowa na harkar gabansa. Baba na kan kujerarsa ta bakin taga, ya buɗe cikin tsohuwar rediyonsa yana ƙwaƙule-ƙwaƙule. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi, amma hannunsa bai iya zama haka nan ba. Auta na gefe tana guga. Yaya, babban ɗan gidan, ya miƙe ƙafa gaban talabijin, ya riƙe pad, abin sarrafa wasa, yana buga sabon gem, wasan kwamfutar da saurayin Auta ya aiko.

Saurayin nan Dogo ake ce masa, kuma saura kaɗan bikinsu. Sana'arsa ita ce ta fara ba Baba ciwon kai. Kiɗa yake tsarawa, ba na biki ba, ba na rediyo ba, kiɗan da ke tashi a bayan wasan gem. Da ƙaramin fiyano mai batir ya fara, a ɗakin haya, yana yi wa masu tallar sabulu kiɗa. A hankali ya koyi rubuta wa kowane abin kiɗa nasa rabon, har wani kamfanin gem ya ji aikinsa ya kira shi. Yanzu sai ya rubuta, a tara makaɗa cikin zaure guda, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu busa ƙaho, masu ganguna, su buga abin da ya rubuta. Da aka yi wa Baba wannan bayani, cewa ya yi, "To, ba sata yake yi ba dai." Daga bakin Baba, wannan yabo ne.

Gem ɗin labarin wani matafiyi ne da ke neman hanyar komawa gida. Yaya ya kai shi bakin kogi, ya yi tsalle, matafiyi ya faɗa ruwa. Allon ya yi duhu. Sai wata sarewa guda ta taso a hankali, ta hau, ta hau, ta zo daidai inda kunne ke jiran ta sauko, ta yanke.

Sukudireba ta faɗi daga hannun Baba.

Auta ta ɗaga dutsen guga ta tsaya. Ta san wannan waƙar. Duk gidan sun san ta. Waƙar Mama ce, Allah ya jiƙanta, waƙar da ba ta da kalma ko ɗaya, a maƙoshi take rera ta in tana ninke kaya ko tana wanke-wanke.

"Sake," in ji Baba.

"Baba, sai na mutu take fitowa," Yaya ya ce a sanyaye.

"To mutu."

Yaya ya jefa matafiyi cikin kogi. Sarewa ta taso, ta hau, ta yanke.

Baba ya juyo ga Auta. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratarwa. "Wa ya ba shi?"

"Ni na taɓa rera masa, Baba. Muna hira ne kawai, wallahi ban san zai..."

"Matar da na binne da hannuna, ita ce ta zama ƙararrawar faɗuwa? Duk yaron da ya kasa tsallake rami a duniya, sai a busa masa matata?" Ya miƙe, ya ɗauki rediyonsa da cikinta a buɗe. "Ki gaya masa na fasa ba shi aurenki. Kuma kada in ƙara jin sautin abin nan a gidana."

Auta ta yi kuka har rigar da take gogewa ta jiƙe, sai da ta sake goge ta.

Washegari ta je situdiyon Dogo, Yaya ya raka ta. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soso, ga fiyano, ga allon kwamfuta biyu, ga takardun kiɗa har kan kujerar baƙi. Dogo ya kwashe su da sauri, ya ga idanunta, murmushinsa ya ɗauke.

"Ka tambaye ni?" ta ce.

"Kyauta na so in yi miki. Na so ranar biki..."

"Ban tambaye ka abin da ka so ba. Ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a."

"Malam, ka ɓallo ruwa," in ji Yaya, yana danna maɓallin fiyano ɗaya da yatsa. "Ni kuma da na iya tsalle, da duk ba a zo nan ba."

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya zauna a ƙasa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce mai kiɗan fim ya san lokacin da mai kallo zai yi kuka, sai ya ajiye masa kiɗa a wurin. Shi kuwa bai san yaushe mai wasa zai iso ba. Wani zai iso yau, wani sai baɗi. Saboda haka kiɗansa jira yake yi, yana zagayawa, yana zagayawa, har mutum ya taka inda ake so, sannan ya buɗe. Waƙar Mama kuwa, rabinta ya sa a wurin faɗuwa, don mai wasa ya ji akwai saura, ya tashi ya sake gwadawa. Cikakkiyarta tana can ƙarshen hanya, a ƙofar gidan matafiyi, duk makaɗan zauren suka haɗu suka buga ta.

"Bari in tura miki a waya ki ji."

"Ba na so," ta ce. "Baba ya hana, kuma ni ma ban huce ba."

"To zan sa a cire. Zan rubuta wata in ba kamfani. Zai ɗauki 'yan makonni kafin su sauya, amma za a cire. Ki gaya wa Baba laifina ne, ba naki ba."

Dogo ya zo gidan da kansa don ba da haƙuri. Baba ya ƙi fitowa. Dogo ya tsaya a ƙofa har rana ta juya, ya gaida ƙofar, ya tafi. Ya sake dawowa wani makon, haka aka yi. Bai aiko abokai su yi masa magiya ba, bai roƙi Auta ta fito a ɓoye ba. Ya koma situdiyo ya kama rubuta waƙar da za ta maye gurbin wadda ya fi so a duk aikinsa.

Ita kuwa Auta, abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Za a cire waƙar mahaifiyarta ba ta ji ta ba. Kuma a waya ba ta so. In a ƙarshen hanya aka ajiye mata, to za ta je ta ɗauko da ƙafarta.

"Yaya, koya mini."

"Ke? Ke da ko rimot sai kin juya shi baibai?"

"Kai da ka iya, ai ga ka nan a bakin kogi tun makon jiya."

Ta durƙusa gaban Baba ta nemi izinin buga gem ɗin. Ya ce, "Sauti na hana." Sai ta kashe sautin talabijin gaba ɗaya. Kullum in ta dawo daga aiki da la'asar, ta gama abin da za ta yi, sai ta zauna gaban talabijin shiru. Matafiyi ya faɗa kogi. Ya faɗa rami. Wata rana ma ya yi ta tafiya cikin bango, ta kasa juyo da shi, Yaya na riƙe da ciki don dariya. Babban yatsanta ya yi kanta. Duk sanda allon ya yi duhu, ba a jin komai a falon, amma su ukun kowa na jin sarewar a cikin kansa.

Baba na kujerarsa, ya ce shi rediyo yake gyarawa. Rediyon nan kuwa ta daɗe da gyaruwa.

Ranar da ta tsallake kogi, ya yi gyaran murya kawai. Da ta shiga hanyar dutse ta yi ta zamewa, sai aka ji daga bakin taga, "Ba a shiga kwana da gudu."

Auta da Yaya suka dubi juna.

"Da rediyo nake," in ji Baba.

Bayan kwana biyu ya daina fakewa. Ya jawo kujerarsa kusa. "Rage wuta. Bi gefen dama, can ƙasa ta fi ƙarfi. Kai, wannan mutum ko birki ba shi da shi? Wa ya ba shi lasisi?" In ta faɗi sai ya ce, "Tashi. Ni na taɓa kwana uku a gindin gada da karyayyen aksil, ƙarfen tayoyin mota, ban ce na fasa zuwa gida ba." Sai ya kawar da kai, kamar maganar ta taɓa wani wuri da bai yi niyya ba.

Ana haka Dogo ya aiko ta bakin Yaya cewa sabuwar waƙa ta kammala, ranar Litinin za a sauya. Wannan kuwa Asabar ce.

Ranar Lahadi da rana, matafiyi ya gangaro daga dutse na ƙarshe. Ga wani ɗan gida can nesa, hayaƙi na tashi, ƙofa a buɗe. Auta ta tsayar da shi a bakin hanya, ta kasa ƙarasawa. Idan ta shiga a shiru, shi ke nan, ta iso ba ta ji ba.

Ba ta roƙa ba. Ta zauna kawai, hawaye na sauka kan pad.

Baba ya dube ta, ya dubi gidan da ke allon. Ya miƙa hannu ya ɗauki rimot da kansa, ya ƙara murya.

"Shiga da shi," ya ce. "Mutum ba ya tsayawa a ƙofar gidansa."

Ta tura matafiyi gaba. Sarewar nan ta taso ita kaɗai, ta hau, ta hau. Baba ya damƙe hannun kujera, ya runtse ido, yana jiran yankewar. Ba ta yanke ba. A daidai wurin, sai goge suka karɓe ta, da yawa, a tare, kamar an buɗe tagogin gida duka lokaci guda. Waƙar ta sauko a hankali, ta yi wani ɗan lanƙwasa, manyan goge suka tallafe ta daga ƙasa, ƙaho ya amsa daga nesa, ta zo ta zauna daram.

Yaya na share fuska da hannun riga, yana cewa fanka ce ke hura masa ido.

"Wannan ƙarin," in ji Baba da dusasshiyar murya, "daga inda take yankewa zuwa ƙarshe. Shi ya ƙirƙira?"

Auta ta juyo da mamaki. "Wane ƙari, Baba? Ai haka take. Haka Mama take yin ta."

"A'a. A sama take tsayawa. Shekara da shekaru ina ji."

Yaya ne ya fara ganewa. Ya sauke hannu daga fuskarsa a hankali. "Baba, kai daga waje kake jin ta. In ka dawo daga tafiya, kana taɓa ƙofa take yankewa ta ce maka sannu da zuwa. In kana gida kuwa ba ta yin ta sam. Sai ka tafi take farawa."

"Mu muke jin ƙarshen," in ji Auta. "Waƙar jiranka ce, Baba."

Shi tsohon, duk zamansu ya ɗauka matarsa wata guntuwar waƙa gare ta, marar ƙarshe, har yakan tsokane ta da hakan, ita kuma ta yi dariya ta karɓi jakarsa. Abin da ya soke shi a ranar farko shi ne yankewar nan, domin a bayanta kullum akwai muryar da ke cewa sannu da zuwa, yanzu kuwa sai duhun allo. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko, kamar wanda ya sauke lodin da ya daɗe a kansa.

"Sake," ya ce.

"Wannan karon ba sai an mutu ba," in ji Yaya, ya karɓi pad.

Da suka ji ta har sau uku, Baba ya ce a kira masa yaron nan. Dogo ya iso kafin shayi ya huce, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kansa na neman taɓa gwiwa.

"Ka ɗauki abin da ba naka ba, ba ka tambaya ba."

"Na yi kuskure, Baba. Gobe za a cire."

"Wa ya ce ka cire? Ka sake yin abu ba ka tambaya ba?"

Dogo ya ɗago a rikice. Auta ta rufe baki da gyale.

"Ka bar ta inda take. Ta wurin faɗuwar ma ka bar ta, na ga amfaninta." Baba ya gyara zama. "Amma mutumin nan naku, a sa masa birki. Ni ba zan ba da 'yata ga kamfanin da ba ya duba mota ba."

Yaya ya fashe da dariya, Auta ta bi, Dogo ya yi ta godiya har Baba ya ce ya isa haka, ya tashi ya zauna a kujera ta uku. Kujerar Mama ce, kuma tun rasuwarta ba a taɓa ce wa baƙo ya zauna a kai ba.

An yi biki lafiya. Dogo ya ci gaba da aikinsa, gem bayan gem, sunansa ya yi nisa, amma bai ƙara taɓa abin wani ba tare da ya yi sallama ba, ko da kyauta ya yi niyya. Ranar da za a ɗauki sabon kiɗa, yakan kai Baba zauren makaɗa, a ba shi kujera a baya, ya zauna ya harɗe hannu kamar shi ya tara su.

To, 'ya'yana, ku riƙe wannan. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum neman izini, musamman a kan abin da ke zuciyar iyaye. Wanda aka ɓata wa rai kuma, ya daure ya ji magana har ƙarshenta, don sau da yawa rabin da bai ji ba shi ne nasa. Auta ba ta yi wa mahaifinta tsawa ba, ba ta bi ta bayan gida ba. Ta faɗi, ta tashi, ta faɗi, ta tashi, a gaban idonsa, har ya ɗauki rimot da hannunsa. Har yau, in ta ji motar mijinta a ƙofa, a sama take yanke waƙar.